Yadda Muka Je Maraɗi Muka Dawo da Garwashi

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya fitar da ni da ƙafafuna biyu, ya kuma dawo da ni da su.

Tun da na dawo daga ƙasar Nijar, wadda mutanenmu ke ce wa Faranshi, ban huta ba. In na je bakin kanal ban ruwa, "Tanko, yaya Faranshi?" In na shiga kasuwar Kura, "Tanko, da gaske burodinsu ya kai sanda tsawo?" Na ba da labarin nan har na fara ƙara masa gishiri ba da sanina ba. Shekaranjiya na ji bakina yana cewa mun ga zaki a hanya. Shi ya sa na ce gara in rubuta tun zakin bai zama biyu ba. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, shi ma ban kai ƙarshe ba, malamin ya riga ni gajiya. Duk wanda ya ga harafi ya karkace, ya miƙar da shi da kansa.

Sai na fara da abin da ya fitar da mu. Garinmu yana tsakanin Kura da Bunkure. Tun da ruwan madatsar Tiga ya iso muka zama masu noman rani, ga tumatir ga alkama ga albasa, mun gode Allah. Amma ruwan da ya cika mana rumbu shi ya shiga ƙarƙashin Unguwar Kwari, inda muke zaune a lokacin. Ƙasa ta daina bushewa. Bango yana shan ruwa ta gindi har ya yi fari-fari kamar an barbaɗa kanwa. A damina ɗakuna suka riƙa zubewa, Allah dai ya tsare ba a rasa rai ba. Hukuma ta ba mu fili a Tudun Kanya, ta ce mu tashi, ta kuma ɗauki mai tsara sabuwar unguwa. Wanda aka ɗauka kuwa Habibu ne, ɗan Gwaggona.

Ni ɗan namiji ne, shi ɗan mace, saboda haka a wasanmu na taubasai bawana ne, ko da ya hau jirgin sama. Na girme shi nesa, har goya shi na yi. Ya yi makaranta a Kura, ya wuce Kano, ya wuce Zariya, har Ingila aka kai shi ya koyo yadda ake tsara gari. Ya yi aikin gwamnati a Kaduna da Kano, har can inda ake gina sabon babban birni ya zauna. Rana ɗaya muka ji ya ajiye aiki, ya kama ɗaki biyu a saman wani kanti a Kano, ya kafa allo wai shi mai ba da shawara ne kan tsara birane da hulɗa da jama'a. Na tambaye shi, na ce, "Bawana, wannan wace irin sana'a ce?" Ya ce, "Yaya Tanko, in gaya wa hukuma abin da jama'a ke nufi, in gaya wa jama'a abin da hukuma ke nufi." Na ce, "Kuma a kira wannan aiki? Ni tun ina saurayi nake ba da shawara a gindin tsamiya, har yau ba wanda ya ɗauka."

Aikin unguwarmu shi ne na farko da ya samu da sunan kansa. Ya zo da taswira mai kyau, tituna a miƙe kamar kunyar alkama, kowane fili da lambarsa. Don kada a ce ya fifita danginsa, ya ce ƙuri'a za a yi, kowa ya zauna inda ta faɗa masa. Maza suka ce ba laifi. Gwaggo ta ce ba inda za ta. Ba ta faɗi dalili ba, ta ce kawai ba ta zuwa. Gwaggo kuwa ita ce ungozomar unguwa, rabinmu ita ta yanke wa cibiya. Da ta ƙi, duk mata suka ƙi, da mata suka ƙi kuwa, mazan da suka ce ba laifi suka fara ganin laifi. Ga ɗakinta ya tsage har kana hango hasken rana ta bango. Ga hukuma ta ce in damina ta faɗi ba a tashi ba, za ta karɓe aikin daga hannun Habibu, filin ma ta ba wasu. Wato uwarsa na cikin ɗakin da zai iya rufta mata, sunansa kuma na shirin mutuwa a aikinsa na fari, a garin da aka haife shi.

Sai ya ce akwai wani gari gaba da Maraɗi da aka tayar daga bakin gulbi aka yi masa irin wannan tsari, ya karanta labarinsa, an yabe shi ƙwarai. Mu zaɓi mutum ɗaya ya bi shi ya gano da idonsa. A wurin taron Sule Mai Albasa ya miƙe ya ce a tura Tanko. Ni da Sule ba ma ga maciji tun farkon zuwan ruwa, saboda gonarsa na sama da tawa, kullum sai ya tare mini ruwa ranar da yake nawa. Ya ce, "Dalilina biyu ne. Tanko ba ya ganin abu bai ga aibinsa ba. Kuma in ya ɓace a can, gari bai yi asara ba." Aka yi dariya, aka amince. Ban taɓa samun muƙami da sauri haka ba.

Ranar tafiya da sassafe muka shiga yi wa Gwaggo sallama. Muka same ta tsaye a jikin gajeriyar katangar da ke tsakaninta da Inna Tabawa, maƙwabciyarta wadda idonta ya mutu, tana miƙa mata garwashi a kasko tana cewa, "Riƙe ta nan, nan ne ba zafi." Ko kallon kaskon ba mu yi ba. Ta juyo ta ce mini, "Tanko, ka kula da shi. In ransa ya ɓaci ba ya cin abinci." Na ce, "Gwaggo, kada ki damu, ni zan ci masa."

Na ce ba zan je ƙasar mutane hannu rabbana ba. Na cika kwando da tumatirin gonata, wanda ya nuna sosai, na tura shi bayan mota lokacin da Habibu ya shiga ofishinsa ɗauko kaya. Ban gaya masa ba, don na san zai hana. Shi kuma ya fito da taswirarsa a naɗe, ya buɗe but kaɗan ya zura ta ba tare da ya leƙa ba.

Daga Kano muka kama hanyar Katsina. Habibu yana tuƙi kamar mai ɗauke da ƙwai, har jaki na so ya wuce mu. A hanyar nan na tambaye shi abin da duk gari ke tambaya a bayan idonsa: me ya raba shi da aikin gwamnati, ga gida ga direba? Can ya ce, "Yaya, ni zane na koyo. Amma a ƙarshe aikina ya koma bin unguwanni da gwangwanin jan fenti, ina sa wa gidaje alamar rushewa. Wata rana wani dattijo ya riƙe mini hannu, bai zage ni ba, ya ce in dai yi masa haƙuri ya cire ƙyauren zaurensa, ubansa ne ya sassaƙa. Na tsaya ina kallonsa yana fama da ƙusa. Da na koma ofis na ga a takardarmu ba inda aka rubuta ƙyaure. Na ce gara in koma inda zan riƙa tambayar mutane kafin a kawo fenti." Na ce, "To mu ka tambaye mu?" Ya ce, "Na tara ku sau nawa a gindin tsamiya?" Gaskiyarsa, ya tara mu.

A Katsina muka ci tuwo muka yi sallah, muka miƙe Jibiya. Ɓangarenmu na iyaka ba a sha wuya ba. Da muka tsallaka ne na gamu da jandarma, wani dogo baƙi, wandonsa guga har tana iya yanka mutum. Ya karɓi takardar tafiyata, ya dubi hoto, ya dube ni, ya sake duban hoto. Abin da ya faru shi ne, ranar da na je ɗaukar hoto a Kura, na ga tabarau a rataye a shagon, na ara na saka don in yi kama da masu ilimi. Jandarma ya ce, da irin Hausarsu, "Wanga na hoto malami ne. Kai hwa?" Na ce, "Ranka ya daɗe, ni ne, ranar da na yi ilimi." Ya yi ƙoƙari ya riƙe fuska, dariya ta ƙwace masa, ya buga hatimi.

Sai ma'aikatan duwan, wato kwastan ɗinsu, suka ce a buɗe but. Jama'a, ban taɓa ganin tumatir ya yi irin wannan aika-aika ba. Zafi da ramukan hanya sun mai da kwandon miya, taswirar Habibu tana kwance a ciki ta sha ta ƙoshi. Ya ɗago ta da yatsa biyu tana ɗiga. Ma'aikacin ya ce, "Mine ne wanga?" Habibu ya ce, "Garinmu ne." Bai yi mini faɗa ba, kuma wannan ya fi mini ciwo. Ya shanya ta a kan mota, muka tsaya tare da ma'aikatan muna kallon Tudun Kanya tana bushewa da 'ya'yan tumatir a kowane titi.

Maraɗi gari ne na Hausawa kamar mu, sai dai an juya su kaɗan. In ka gaishe su sai su ce lahiya lau. Makaranta lakwal, malamin makaranta mushe. Matansu suna fita kasuwa da kansu, har wata ta yi mini ciniki ta kayar da ni. Abin da ya fi ba ni mamaki, da rana ta take sai duk ofisoshi su rufe, kowa ya tafi gida ya kwanta, sai wajen la'asar a dawo. Mun je ofishin da za a ba mu izinin ziyara muka tarar da kwaɗo a ƙofa, mai gadi na barci a kan tabarma. Habibu ya yi ta duba agogo. Ni kuwa na ce lallai mutanen nan sun fi mu wayo, abin da nake yi a ɓoye a gona su gwamnati ce ta sa su.

Masaukinmu otal ne. Aka ba ni ɗaki ni kaɗai, na tura ƙofa na ga mutum kwance a gado an lulluɓe shi da farin mayafi, daga wannan gefe zuwa wancan. Na yi sallama, shiru. Na sake yi, shiru. Na ja da baya na je na gaya wa Habibu an ba ni ɗaki da gawa. Ya zo ya yaye mayafin, ashe matashin kai ne, dogo mulmulalle, irin na Faransawa. Duk da haka ban yarda da shi ba, na jingine shi a bayan ƙofa na shimfiɗa bargo a ƙasa. Burodinsu kuwa gaskiya ne, dogo ne, ga tauri. Na gatsa sau ɗaya na ji haƙorina na gaba yana neman sallama, na tsoma sauran a shayi. Amma furarsu da kilishinsu, wannan ba zan yi musu ƙarya ba, sun iya.

Washegari muka samu izini muka bar kwalta, muka bi yashi har garin. Daga nesa ya yi kyau, har na ji haushi, don na zo neman aibi. Tituna a miƙe, gidaje a jere, famfo a kan kwana, kamar an ɗauko taswirar Habibu an shimfiɗa kafin tumatir ya same ta. Da muka shiga sai muka ga wani abu. Gida ɗaya da mutane, na kusa da shi an toshe ƙofa da ƙaya. Wani awaki ne a ciki. Wani rufin ya faɗa. Muka hango can ƙasa a bakin gulbi, inda aka tashe su, hayaƙi na tashi daga bukkoki. Mutane sun bar ginin siminti sun koma kwari.

Da farko daɗi na ji, ba zan ɓoye ba. Na fara shirya yadda zan ba da labari a gindin tsamiya. Sai na waiwaya na ga Habibu ya tsaya tsakiyar titi, hularsa a hannu, yana kallon ƙayar nan. Ya zama kamar yaron da na goya. Maigari Isuhu, wanda ya sauke mu a zaurensa, ya sa aka kawo tuwon gero da miyar kuka. Habibu ya wanke hannu, ya zauna, bai taɓa ba. Na cika alkawarin da na yi wa Gwaggo na ci nasa, amma bai yi mini daɗi ba.

Na ce, "Bawana, saurara. Ni aka aiko, bakina za a ji. In mun koma sai in ce na ga aljannar duniya. Ƙarya ba ta yi mini wuya, ka sani."

Ya ce, "Na sani, Yaya."

"To?"

"To sai su tashi saboda maganarka, bayan damina biyu Innata ta koma kwari, ɗaki ya faɗa mata a can. Abin da ka gani shi za ka faɗa. Ni dai ina so in san me ya kore su."

Ya yini yana tambaya. Maigari ya ce butulci ne irin na talakawa. Wani ma'aikaci da ya zo a kan babur ya ce jahilci ne. Maza suka ce gona ta yi nisa, muka taka muka ga ba wani nisa. Kowa ya ba shi amsa, ba wadda ta zauna masa. Ni na gaji na koma inuwa. Shi ko ya ci gaba, gida gida, yana durƙusa wa tsofaffi kamar mai neman aure.

Da safe bayan mun idar da sallah muna zaune a ƙofar zaure, gari ya fara haske, sai ga wata tsohuwa ta fito daga can ƙarshen titi. Tana tafe a hankali, kasko a hannu ta kare shi da faifai. Titin nan miƙaƙƙe ba abin da ke tare iska. Ta iso daidai mu ta ɗaga faifan ta leƙa, ta yi tsaki, ta juya za ta koma inda ta fito. Habibu ya tashi ya je ya durƙusa ya gaishe ta. Sunanta Inna Rabi.

Ya ce, "Inna, lafiya kika juya?"

Ta ce, "Wuta ta mutu. Kullum haka, sai na yi sawu biyu."

"Daga ina kike ɗebowa?"

"Gidan Hassu. Tun muna amare katanga guda ta raba mu. Da anka yi ƙuri'a, ita ta hwaɗa gabas, ni yamma."

"Ba ki da maƙwabta a nan kusa?"

"Akwai su, mutanen kirki. Amma ban san su da wuta ba."

Ni da bakina da ba ya zama wuri ɗaya na ce, "Inna, ba a sayar da ashana a ƙasarku?" Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa Habibu, "Wanga tare kuke?" Ya ce ƙaddara ce. Ta ce, "Gaya mishi ina da ashana. Ashana ba ta tambayar mutum yadda ya kwana."

Sannan ta ba mu labarin da Maigari bai ba mu ba. A shekarar farko wata tsohuwa ta rasu a ɗakinta, ba wanda ya sani sai da rana ta yi tsaka, don wadda ta saba zuwa ɗibar wuta wurinta tana can wani titi. A tsohon gari, in hayaƙi bai tashi a gidanka ba kafin hantsi, an riga an leƙo. Tun daga ranar tsofaffin mata suka fara sulalewa suna komawa kwari bibbiyu, kowace da abokiyar wutarta. 'Ya'yansu suka bi su.

Da Habibu ya miƙe sai ya ce mini, "Yaya, ranar da muka taho, me Innata take yi?" Na buɗe baki in ce ban lura ba, sai kaskon nan ya faɗo mini a rai, da hannun Inna Tabawa yana laluben gefen da ba zafi.

Ya ɗauko taswirarsa mai tumatir ya kifa ta don ya yi zane a bayanta, ya koma bin gidaje, na tudu da na kwari, da tambaya ɗaya tak: daga gidan wa kuke ɗibar wuta? Inna Rabi ce ta shige masa gaba. Duk amsar da aka ba shi sai ya ja layi daga wannan gida zuwa wancan. Kafin mu bar garin abin ya fito fili, har ni na gane. Waɗanda suka zauna a tudu su ne waɗanda ƙuri'a ta yi wa gata ta ajiye su kusa da masu ba su wuta. Ranar ya cinye tuwonsa, ya sa hannu a nawa.

Dawowa ba mu tsaya ko'ina ba sai sallah. Jandarman nan ya gane ni, ya sara mini ya ce, "Malam, a sauka lahiya." A Kano Habibu ya ja ni har ofishin babban jami'in da ya ba shi aiki. Ya ce masa taswirar da aka riga aka sa wa hannu ba za ta yi ba, a bar shi ya sake wata, kuma ba ƙuri'a. Mutumin ya tashi tsaye. Ya ce an kai ta sama an amince, ya ce akwai masu neman aikin nan a bakin ƙofa, ya ce shi bai taɓa jin an tsara gari da murhu ba. Habibu ya ce, "Ranka ya daɗe, in ka karɓe aikin ba zan yi jayayya ba. Amma duk wanda ka ba, ka ba shi da wannan." Ya shimfiɗa masa bayan taswirar. Ya ce in faɗi abin da na gani. Na faɗa, kuma a karo na farko a rayuwata ban ƙara ko ƙwayar gishiri ba. Jami'in ya daɗe yana kallon layukan. Can ya tambayi jan abin da ya ɓata takardar, na ce aikina ne. A ƙarshe ya ce wa'adi na nan yadda yake, ruwan farko. In an tashi, an tashi. In ba a tashi ba, Habibu ya san sauran.

A gindin tsamiya na gaya wa mutanenmu komai, da ƙayar da awakin da Inna Rabi. Sule ya ce, "Kun gani, na ce zai samo aibi." Habibu bai tsaya jin sharhi ba, ya wuce cikin gida, na bi shi. Ya durƙusa a gaban Gwaggo ya ce, "Inna, in aka tashi, wa kike so katangarki ta haɗa da tasa?"

Ta dube shi ta ce, "Sai da ka je Ingila, ka je Faranshi, sannan ka tambaye ni?"

Ya ce, "Me ya sa ba ki faɗa ba?"

Ta rage murya, ta nuna katanga da haɓa. "In faɗa a gaban maza cewa Tabawa ba ta iya hura wuta sai da ni? Ta ji a gari an ce ita ce kayan da ya hana unguwa tashi? Kai dai ka ce ƙuri'a. Ƙuri'a ta san Tabawa?"

Gwaggo ce ta zauna da shi ta lissafa masa unguwa kaf, wace ke shiga gidan wace. Sabuwar taswirar da ya zana ba ta da kyan ta farko. Ya bar babban titi ɗaya don mota da magudanar ruwa, sauran kuwa lunguna ne suna lanƙwasa, gidaje rukuni rukuni, tsakaninsu gajerun katangu daidai ƙirjin mace. Aka yi gayya aka yi gini. Ranar tashi, hadari na haɗuwa a gabas, Gwaggo ta ƙi shiga motar ɗanta. Ta kwashi garwashi daga tsohon murhunta ta zuba a kasko, ta kare da faifai, ta kama hanyar Tudun Kanya a ƙasa, Inna Tabawa na riƙe da gefen zanenta, sauran mata na biye. Habibu yana tafe a gefen da iska ke busowa, ya buɗe babbar rigarsa yana tare mata. Wutar ta isa da ranta. Da marka ta kama, tsohon ɗakin Gwaggo ya zube, ba kowa ciki sai tsohuwar tabarma.

Yanzu an ce har daga wasu ƙananan hukumomi ana zuwa ofishinsa. Ya sa taswirar mai tumatir a gilas ya rataye, duk wanda ya tambaya sai ya ce aikin ubangidansa ne.

Saura nawa sakamakon. Da aka nuna mini filina na tambayi wane ne maƙwabcina. Habibu ya ce, "Sule Mai Albasa." Na ce wasan taubasai ai yana da iyaka. Ya ce shi ba ruwansa, in je in tambayi mai ɗakina. Ashe duk shekarun da ni da Sule muke zage-zage a bakin kanal, Hajara tawa da Abu tasa kullum safiya sai sun ba juna wuta ta bayan gida. Na kai ƙara wurin Gwaggo, ta ce in na matsa za ta sa a rage tsawon katangar.

To haka muke zaune. Kowace safiya ina jin Hajara a jikin katanga: "Abu, kin tashi? Akwai wuta?" Sai Sule ya yi tari daga ɗakinsa, ni ma in yi nawa, don kada ya ɗauka na mutu ya ji daɗi. Ran nan na yi tari na ji shiru. Na sake yi, shiru. Ban san lokacin da na tsinci kaina a ƙofar zaurensa ina kwaɗa sallama ba. Ya fito lulluɓe da bargo, zazzaɓi ne ya kwantar da shi. Ya ce, "Tanko? Me ya kawo ka?"

Na ce, "Wuta na zo ɗiba."

Ya dubi hannuwana, ba kasko ba faifai. Ya ce, "To shigo, tana ciki."

Iyakar abin da na gano ke nan. Zaki kuwa, Allah ya sani, ban gan shi ba.